Ƙwaron da Aka Raɗa wa Sunan Umma

Mijin Yayata ba farfesa ba ne, amma kada ka kuskura ka faɗa a gabansa. Aikinsa a makarantar sakandaren da ke bayan layinsu shi ne ya wanke kwalaben ɗakin gwaje-gwaje, ya kunna wa ɗalibai wuta in za su dafa ruwan gishiri, ya kulle ƙofa in an tashi. Sai dai tun ranar da aka ba shi farar riga mai manyan aljifai ya daina amsa kowane suna in ba Farfesa ba. Da rigar yake zuwa sayen burodi. Da ita ya je asibiti ranar da Yaya ta haihu, har wata tsohuwa ta miƙa masa hannu ya duba mata jini, shi kuma ya duba.

Ina gidansu ranar da ya shigo da laka har gwiwa, ya ɗaga wata kwalba sama kamar wanda ya ciyo kofi.

"Madam, miƙe tsaye," ya ce wa Yaya. "Yau tarihi ya shigo gidanki da ƙafarsa."

"Tarihin ya cire takalmi, yanzu na goge ɗakin nan."

Muka leƙa kwalbar. Babu komai a ciki.

"Ku duba da idon ilimi," in ji shi.

Sai da na kanne ido ɗaya na hango wasu 'yan ɗigo-ɗigo suna yawo, kowanne bai kai kan allura ba. Na ce, "Wannan ai jikan sauro ne."

"Jikan sauro! Madam, kin ji ƙanwarki ko? A bayan ɗakin gwaje-gwaje na samo shi, inda tanki ke yoyo. Na duba littafin ƙwari na makaranta daga bango zuwa bango, babu shi. Abin da babu a littafi kuwa sabo ne. Wanda ya gano sabon ƙwaro shi ke raɗa masa suna, kuma sunan ba ya goguwa har a tashi duniya. Wata rana wani ɗalibi a can ƙarshen duniya zai faɗi jarrabawa don bai iya rubuta sunana ba."

"Littafin nan da gara ta cinye rabinsa?" na tambaya.

"Rabin da ta bari shi ne mai muhimmanci."

Shirin dai shi ne: zai kiwata ƙwaron ya yi yawa, ya rubuta kamanninsa, sannan ranar baje kolin kimiyya ta makaranta ya bayyana shi ga duniya a gaban wata Dakta masaniyar ƙwari daga jami'a. Ba ta san an gayyace ta ba tukuna, amma ya samo lambar wayarta.

A laka ƙwaron ke ƙyanƙyashewa, don haka laka ta tare a gidan. Ta fara da bokitin wanka, ta koma kwanon wanke-wanke, ta shiga babbar tukunya. Gidan sauron da ake saka jaririya a ciki ya yayyanka shi ya rufe bakin kwanonin, ya ɗaure da igiyar shanya. Yaya ta buɗe firij neman madara, ta tarar da wani kofi an manna masa takarda: KADA A SHA, KIMIYYA CE.

"Ni a me zan yi girki?" ta tambaye shi.

"Madam, matan manyan masana duk sun yi haƙuri. Shi ya sa ake sa hotonsu a gefe."

"A gefen me?"

"A gefen hoton mijin."

Abin da Farfesa bai lissafa ba shi ne, ramukan gidan sauro an yi su ne daidai sauro. Jikan sauro kuwa shiga yake ya fita kamar ƙofar kasuwa. Da suka ƙyanƙyashe, gidan ya zama wurin tafi. Kowa na marin kansa. Cizon ba ka ganin mai yinsa, sai dai ka ji kamar an ɗiga maka ruwan barkono a wuya.

Maƙwabcinsu tela ne, shagonsa na jingine da katangar gidan. Mutum ne mai magana ta hanci, a hankali, kamar yana auna kowace kalma da tef. Ya leƙo da almakashi a hannu, fuskarsa duk ƙuraje.

"Farfesa, wai me kake dafawa a gidan nan ne? Tun safe na ɗinke hannun riga a wuya sau ba adadi, saboda susa."

"Malam Tela, ka yi murna. Kana cikin mutanen farko a duniya da wannan halitta ta taɓa."

"Taɓawa ce wannan? To Allah ya raba mu da duka."

"Wata rana jikokinka za su yi alfahari da kai."

"In an bar min jinin da zan haifi iyayensu ba."

Ranar da jaririya ta tashi da ido ɗaya a kumbure, Yaya ba ta yi faɗa ba. Ta goya 'yarta, ta miƙo min jaka, ta tsaya a bakin ƙofa.

"Ko ni ko lakar nan."

Farfesa yana tsugune a kan kwano da ɗan madubinsa na ƙara girma. Bai ɗago ba. "Madam, ki yi magana a hankali, suna fitowa daga ƙwai."

Haka muka taho gida wurin Umma.

Umma mace ce mai jiki da murya. In ta yi gyaran murya a tsakar gida, kajin maƙwabta ma nutsuwa suke. Da ta ga idon jikarta, ta rantse Yaya ba za ta koma gidan ba sai surukin nan nata ya zo ya yi bayani da bakinsa.

Ya zo kuwa, cikin farar riga, hannayensa sun kumbura kamar an hura safar roba. Ya durƙusa a bakin ƙofar falo, kansa a ƙasa.

"Umma, barka da hutawa."

"Hutawa? Ka aiko min jika da ido ɗaya kana min barka da hutawa? Kai da aka ba amanar mace, ka mayar mata da gida fadama!"

"Umma, a yi haƙuri. Amma albishir nake tafe da shi. Ashe ba jinsi ɗaya na gano ba, biyu ne. Iri biyu daban-daban, a laka ɗaya! Ko a littafi ba a taɓa yin haka ba."

"Wato cizon ya ninka."

"Umma, ki zo taron makaranta kawai, ke da Madam. Na tanadar miki wata karramawa da babu surukin da ya taɓa yi wa surukarsa tun da aka fara aure a duniya. Kujerar gaba. Za a ambaci sunanki a lasifika. In kin ga abin bai yi miki ba, ki riƙe 'yarki. In ya yi, ki ba ni matata mu koma gida a ranar."

Na ga Umma ta gyara ɗaurin ɗankwali. Ita fa duk faɗanta, a kira sunanta a lasifika abu ne da ba ta iya ƙi.

"Kujerar gaba ka ce?"

"Mai hannu, Umma."

"To mu gani. Amma wallahi in shirme ne, ko ɗan kunnenta ba za ka sake gani ba."

Da zai fita na bi shi zaure. "Farfesa, me ya sami hannunka?"

"Jinsi na biyun ba ya rayuwa sai da jini. Na nemi Tela ya taimaka wa kimiyya da hannu ɗaya, ya ɗauko min dutsen guga. Shi kuwa na farkon," ya lumshe ido, "ko kallon jini ba ya yi. Halitta ce mai mutunci. Da ganinsa kin ga ɗan babban gida."

Ranar taro zauren makaranta ya cika. Ɗalibai a baya, iyaye a tsakiya, mu a gaba. Umma ta sha ado ta cika kujera mai hannu har ta tumbatsa. Yaya na gefenta da goyo, ta haɗe rai amma ta zo da jakarta a ɗaure, alamar dai in abin ya yi kyau za ta bi mijinta. Tela ma ya rufe shago ya zo, wai yana son ya ga fuskar abin da ya hana shi barci. Dakta ta zo, wata siririyar mata mai tabarau, da alamar wadda aka dama da kiran waya har ta gaji ta ce to.

Ɗalibai suka nuna nasu: wani ya kunna ƙwan fitila da lemon tsami, wata ta tace ruwa da yashi. Sai Shugaban makaranta ya duba agogo ya ce a taƙaice, mai kula da ɗakin gwaje-gwaje yana da ɗan abin nunawa.

"Farfesa," in ji Farfesa, yana karɓe lasifikar.

Ya jera kwalabe a kan tebur, ya haɗa madubin ganin ƙananan halittu da majigi, aka kashe fitilu. Sai ga wani ƙwaro ya bayyana a bango, ya kai girman akuya. Siriri, da wasu ƙahonni masu gashi buzu-buzu a ka.

"Jama'a, ga jinsi na farko. Ku dubi tsayi. Ku dubi kwarjini. Ku dubi wannan gashi na ƙasaita. Ba ya cizo, ba ya wahalar neman abinci, ba ya shiga harkar kowa. Da yamma sai ya tashi sama ya yi ta shawagi, kowa na kallonsa. Wannan, bisa dokar kimiyya, na ba shi sunana."

Ya juya ya rubuta sunansa a allo da manyan baƙaƙe, ya ja layi a ƙasa. Aka ɗan tafa.

"Wato ba ya aikin komai," in ji Tela ta hanci, daga tsakiyar zaure.

Farfesa ya sauya gilashi. Wani ƙwaron ya fito, gajere, ƙahonninsa ba gashi, cikinsa ya yi tim da jini.

"Ga jinsi na biyu. Shi wannan ƙaƙƙarfa ne. Ku dubi faɗin jiki. Ku dubi ciki, ba ya ƙoshi. Ku dubi baki, kamar zarto. In ya kama mutum ba ya saki sai ya tsotse shi tas. Ba ya tsoron kowa, ba ya hutawa, kuma in ya shiga gida sai kowa ya san ya shigo. Duk unguwarmu babu wanda bai ɗanɗani bakinsa ba."

"Na shaida!" in ji Tela.

"Saboda haka, don girmamawa, na raɗa masa sunan wata baiwar Allah da nake ganin ƙimarta fiye da kowa."

Ya juya ga allo. A saman sunansa ya rubuta cikakken sunan Umma, har da na mahaifinta, ya karanta shi a lasifika daki-daki. Sannan ya juyo yana murmushi, ya ɗan rusuna wajenta, yana jiran guɗa.

Guɗar ba ta zo ba. Wani ɗalibi a baya ya yi ƙoƙarin danne dariya, ta fito masa ta hanci. Ni dai na cusa gefen mayafina a baki.

Umma ta juyo wajena a hankali. "Ke. Mai cikin nan da ba ya ƙoshi, ni ce?"

"Ke ce, Umma."

"Mai bakin zarto?"

"Har da tsotsewa tas."

Ta dafa hannun kujera za ta miƙe, kujerar ta taso tare da ita, ta koma ta zauna.

Farfesa bai lura ba, ya riga ya yi nisa. "Yanzu kuma hujjar da za ta rufe bakin masu hassada. Me ya nuna jinsi biyu ne? Gaba! Ba sa ga maciji da juna. Duk lokacin da na haɗa su a kwalba ɗaya, kokawa ce ke ɓarkewa. Ku gani da idonku."

Ya zuba masu rai, iri biyun, a ɗan faifan gilashi mai murfi, ya tura ƙarƙashin madubin. A bango muka ga mai gashin ya kewaya, ya kewaya, ya nufi mai cikin, ya cafke ta. Suka ɗan yi birgima. Sai suka manne da juna, suka yi shiru abinsu.

"Kun gani? Kokawa! Ga nawa nan ya kama na Umma!"

Ɗaliban baya suka fashe. Wata uwa ta rufe wa ɗanta ido da tafin hannu. Malamin addini na makarantar ya miƙe ya fita yana salati. Shugaban makaranta yana ta laluben inda ake kashe majigi, ya danna wani abu, hoton ya ƙara girma.

"Farfesa," in ji Tela, "ni dai ban yi boko ba, amma wannan kokawar ba a raba ta."

Dakta ta cire tabarau ta goge, ta mayar, ta miƙe.

"Malam, kashe abin nan. Ba jinsi biyu ba ne. Mai gashin namiji ne, mai cizon mace. Mata da miji ne ka raba wa suna."

"Dakta, da girmanki, na yi nazari..."

"Na ga nazarin. Duk zauren nan mun gani."

Farfesa ya juya da sauri zai zare faifan, hannun rigarsa ya kwashi kwalaben da ke kan tebur. Suka zube, suka farfashe. Ba mu ga komai ya fito ba, sai dai cikin ɗan lokaci tafi ya kaure a zauren, irin wanda bai taɓa samu ba. Kowa na marin wuyansa. Shugaban makaranta ya mari kuncinsa har tabaransa ya faɗi. Mazan ƙwarin kuwa suka taru a hasken majigin, daidai saman kan Farfesa, suna ta shawaginsu na ƙasaita.

Jama'a suka yi rububin ƙofa, Dakta kuwa ba ta gudu ba. Ta sunkuya kan madubin ta daɗe tana kallo.

"Amma fa zanen fiffiken nan ban taɓa ganin irinsa ba," ta ce, kamar da kanta take magana. "Sai na kai shi wurinmu an gwada da sauran. Yana iya yiwuwa sabo ne da gaske."

Farfesa ya miƙe tsaye cak, ƙirji ya dawo. "Kun ji! Jama'a ku dawo! Madam, kin ji?"

"Sai dai jinsi ɗaya suna ɗaya yake ɗauka," in ji Dakta. "Ga sunaye biyu a allo. Dole a goge ɗaya."

Ya ɗauki abin goge allo da murna, ya kai hannu kan sunan Umma. "Ai shi ke nan ma, Umma, an huta. Yanzu zan cire ki daga ciki."

"Kul!"

Wannan karon Umma ta miƙe, kujerar ta haƙura ta sake ta. Ta tako har gaban allo tana susar wuya.

"Ka riga ka zage ni a lasifika. Ka ce min mai ciki, ka ce min mai baki, ka nuna wa 'ya'yan mutane abin da bakina ba zai iya maimaitawa ba. Zagin ya zauna, ba ya goguwa. To ba zan sha zagi kai ka sha suna ba. Goge naka."

"Umma..."

"Goge naka, ka ɗauki matarka ku tafi gida yanzun nan. Ko ka bar shi, in tafi da 'yata. Ga allo, ga ta."

Yaya ta gyara goyo ta ɗago ido tana kallonsa. Waɗanda suka kai ƙofa suka dawo, suna susa suna kallo.

Farfesa ya ɗaga hannu zuwa sunansa. Hannun ya tsaya a iska. Ya dubi Yaya. Ya dubi manyan baƙaƙen nan da layin da ya ja a ƙasa. Ya sake duban Yaya. Sai ya karkata wajen Dakta ya rage murya, ya manta lasifikar tana hannunsa a kunne.

"Dakta, tsutsar fa? Wadda ke cikin laka. Ita ba a raɗa mata nata sunan daban?"

Duk zauren ya ji.

Yaya ta ɗauki jakarta. "Umma, mu tafi. Ya zaɓa."

Muka fito. A bakin ƙofar makaranta muka tari tasi, Umma ta cika gaba, mu muka shiga baya. Tana susar hannu tana huci, can sai ta waiwayo.

"Ke, gobe ki karɓo min lambar Daktar nan. In za su buga a littafi, su rubuta sunan daidai, kada su ɓata min na mahaifina."

Mota ta fara tafiya ke nan muka jiyo ihu. Farfesa ne a guje, farar rigar na tashi a bayansa, hannunsa fari fat da alli, yana ɗaga abin goge allo sama.

"Madam! Na goge! Wallahi na goge! Har layin!"

Direba ya rage gudu, ya dubi Yaya ta madubi. "A tsaya ne?"

Yaya ta ja mayafi ta rufe fuskar 'yarta.

"Direba, ɗaga gilas," ta ce. "Ƙwaro na shigowa."